Baɗi a Kawo Goɗiya

Yayana Badaru bai taɓa cin tuwo a zaune ba. A tsugune yake ci, kunnensa na can barga, in doki ya yi ko atishawa sai ya miƙe da loma a hannu. Ni Kulu, ƙanwarsa da ke bi masa, na fi kowa sanin haka, don ni nake kwashe ragowar kafin a kai ni ɗakin miji. Manomi ne kamar kowa a Kangire, gonar dawa da ta gero, sai wata 'yar fadama da yake dasa albasa. Ba sarauta, ba malanta, ba fatauci. Abu ɗaya ya raba shi da sauran mutane, baƙin dokin nan da ake kira Marke.

A shekarun nan ne mahara ke saukowa daga duwatsun Ningi, mutum ba ya yin nisa da gari sai da dalili. Amma duk tsoron da ake ciki, in kaka ta yi, an zuba hatsi a rumbu, sai an yi sukuwa. A share gonar da aka girbe, a ce daga tsamiyar can zuwa kukar can, a saki dawaki. Wanda ya ci a ba shi rago, ko riga, ko ƙwaryar goro. Ba don ragon ake yi ba, don a shekara ana ambaton sunan garinku a kasuwa ne.

Asalin Marke kuwa, ko barci nake aka tashe ni zan kawo shi, don Yaya ya cika mana kunne da shi. Wasu fatake ne masu kanwa suka taho daga Barno da wani ingarma, ya gurɗe a hanya, suka bar wa babanmu jinyarsa. Kafin su dawo ɗaukar abinsu ya warke, har ya yi wa goɗiyarmu baye, ita kuma uwarta daga Asben aka kawo ta. Ta haihu a gindin wani marke a bakin gona, sunan ke nan. Ba ta daɗe ba ta mutu, ingarman kuma ya koma inda ya fito. Duk faɗin ƙasar nan, daga Birnin Kudu har Gwaram, jinin nan a jikin doki ɗaya yake. Yaya ya bi fataken da tambaya har ya haɗa sunayen kakannin dokin, ta uba da ta uwa, ya ba Ɗanbala maroƙi ya haddace. Amma ka tambaye shi sunan kakan babanmu, sai ya kama sosa ƙeya.

Baƙi ne wuluk, sai fari kaɗan a ƙafar baya ta hagu. Gudunsa ma ba irin na dawaki ba ne. In aka sake su, sai ya bari duk su wuce, kai ka ce bai ji kiɗan ba. Can sai ya sunkuyar da kai ƙasa, kamar mai neman allurar da ya yar, ya miƙe jiki. Ranar da aka fara fitar da shi a wani biki a Kangire, mutane dariya suka yi, wani har ya ce a ba shi ciyawar tunda kiwo ya zo. Dariyar ba ta gama fita daga bakinsu ba ya wuce na gaba.

Daga nan fa sai abin ya zama abin da ya zama. Ya ci ta Birnin Kudu, ya ci ta Gwaram, ya je Sara ya tarar da Kili, farin dokin wani mai hali da ake kira Sada, wanda ba a taɓa shiga gabansa ba, ya bar shi yana shaƙar ƙurar kofatonsa. Shekara ta kewayo ya sake. Har ta kai in an ji Marke zai zo, masu ƙananan dawaki sai su ce nasu na ciwon ƙafa. Yaya kuwa sai ya ƙara lalacewa da rashin zama. Da hannunsa yake cusa wa dokin dusa da kanwa, shi ke zaɓen harawa ganye-ganye, in ya je gona rabin hankalinsa ne ya je. Matarsa ta gaji da magana ta zuba masa ido.

To akwai abin da duk masu dawakin sukuwa suka yarda da shi a lokacin, har yanzu ma ba su bari ba. Wai dokin da ya yi wa goɗiya baye, gudunsa ya tafi ke nan, ya zube a cikinta, ƙafa ta yi sanyi. Don haka ba a bari ya kusanci mace sai ya gama cin zamaninsa. Kowa ya yarda, amma Yaya ya fi kowa. In ya hangi goɗiya a hanya, ratsewa yake cikin gonakin mutane, ya gwammace ya sha zagi.

Ni kuma Allah ya kai ni Dingaya, gidan Buba, Bafillacen da kakanninsa suka zauna suka haɗa noma da kiwo. Buba na da goɗiya gunya, fara-fara haka, mai dogayen ƙafafu, mai faɗin ƙirji, wadda duk wanda ya san doki sai ya waiwaya ya sake kallonta. Kowace shekara sai ya ɗauki man shanu ya tafi Kangire gaida surukinsa. Mutum ne mai kunya, sai ya yi zancen damina, ya yi na shanu, ya yi na hanya, sai ya tashi tafiya yana gyara takalmi sannan ya ce, "Yaya, goɗiyar nan tana nan fa."

Yaya ya ce, "Na sani, Buba. Bari a ci ta bana. Baɗi a kawo goɗiya."

Haka bara, haka bana. Na taɓa ce masa, "Haba Yaya, dokin nan fa rai gare shi. In ya faɗi gobe, me ka riƙe?" Ya harare ni ya ce bakina ya sari ɗanyen kashi, in tofar da yawu.

Wata kaka za a yi babbar sukuwa a Sara, sai ya sauka a gidanmu tun da sauran kwanaki don dokin ya huta. Ya sa aka kai goɗiyar can bayan gida, aka kafa wa Marke turke a ƙofar gida, ya jijjiga turken ya sake jijjigawa. Da hantsi suka tafi shi da Buba gaida mai unguwa. Mu mata muna tsakar gida muna daka, sai muka ji darni ya yi ƙara. Marke ne, turken na jan ƙasa a bayansa, ya keta karan kamar ba a ɗaure su ba, ya nufi goɗiyar. Muka ajiye taɓare muna salati. Wa zai shiga tsakaninsu? Abin da zai faru ya faru, a kan idona, da rana tsaka, ba labari aka ba ni ba.

Yaya ya shigo a guje ya tarar da dokinsa tsaye yana huci. Ya kama ragama, ya ce, "Bai kai gare ta ba."

Na ce, "Yaya, ya kai, har ya sauka."

Ya ce, "Na ce bai kai ba!"

Kwanakin da suka rage, na tausaya masa, wallahi na tausaya. Ba ya ci, ba ya sha, sai zagaya dokin yake yana matsa masa ƙafafu, ya je bakin hanya ya dawo, ya sake zuwa. Ranar sukuwa ta zo, aka saki dawaki, Marke ya sunkuyar da kai ya ba Kilin Sada ratar da bai taɓa ba shi irinta ba. Ni a wautata na ɗauka shi ke nan, yau Yaya ya gane maganar nan ta baye ba ta da tushe. Sai ga shi ya dawo yana jan rago yana washe baki, ya ce, "Kin gani ko, Kulu? Da ya kai gare ta, da ya ci?"

Ku ji mini mutum! 

Ana gab da girbin shekara mai zuwa goɗiyar ta haihu. Duƙushi namiji, baƙi wuluk, da fari a ƙafar baya ta hagu. Ko makaho ya shafa ya san ɗan waye. Buba, mutumin da ba a cika ganin haƙoransa ba, ranar har da 'yar waƙarsa. Ya sayi goro ya tafi kasuwar Gwaram, don ya san zai sami Yaya a rumfar masu sirdi, inda masu dawaki ke taruwa. Ya durƙusa ya ajiye goron ya ce, "Yaya, albishir. Marke ya samu magaji."

Rashin sa'a, Sada na zaune a wurin. Ya yi dariya ya ce, "Af, ashe angonci aka sha a ɓoye! To bana ma ga yadda ƙafa za ta yi."

Wasa ne irin na abokan karawa, amma Yaya sai ya miƙe tsaye. Ya ce dokin da ya yi baye ba ya cin sukuwa, wannan kowa ya sani, Marke kuwa ya ci ta Sara a gaban idon kowa. Buba ya ce a hankali, "Kulu ta gani da idonta." Yaya ya ce, "Mace mai daka me take gani ban da turmi?" Aka kwashe da dariya. Sai ya ɗaga hannu ya rantse da Allah, a gaban mutanen garuruwa da yawa, cewa duƙushin nan ba jinin Marke ba ne, a je a nemi ubansa a wani wuri.

Buba ya tattara goronsa ya dawo gida. A bakin matan da suka je kasuwa na ji abin da ya faru. Raina ya ɓaci ɓacin da ban taɓa yi ba, uwa ɗaya uba ɗaya ya mai da ni maƙaryaciya a tsakiyar kasuwa don kada a ce ƙafar dokinsa ta yi sanyi. Daga ranar ban sake taka Kangire ba sai gaisuwar mutuwa, Buba kuma bai sake kai man shanu ba.

Ba a jima ba annobar nan ta shanu ta sauka, wadda ta bar garke-garke a kwance, ungulaye suka ƙoshi har suka kasa tashi. Namu ba wadda ta tsira. Ga yara, ga rumbu ya yi ƙasa. Buba ya sayar wa fataken Bauchi goɗiyar, duƙushin kuma Sada ya karɓa ya ba mu hatsi da awaki. Ya same shi a banza, don duƙushin da ba a san ubansa ba wa zai tsaya ciniki a kansa? Ranar da aka ja shi ya fita, na shiga ɗaki na yi kukana.

Marke ya ci gaba da ci har bakinsa ya fara furfura. Sai wata shekara a Birnin Kudu ya sunkuyar da kai kamar yadda ya saba, ya miƙe jiki, amma jikin ya ƙi. Wani jan doki da ba a ma san sunansa ba ya riga shi isa kukar. An ce Yaya ya sauka ya rungume wuyansa, sannan ya juyo ya ce da mutane, to yanzu mai goɗiya ya kawo.

Aka kawo. Ba wadda ta ɗauka. Ko tsufa ne, ko ciwon da ya kwantar da dokin da daminar nan ne, Allah masani. Da ya ga an daina kawowa sai shi ya fara kaiwa. Mutumin da ke ratse wa goɗiya cikin gonaki, shi ne ya koma jan tsohon doki ƙauye-ƙauye yana tambaya, ina mai goɗiya, kyauta ne, ba ya son komai. Yau a gan shi a hanyar Birnin Kudu, jibi a ce ga shi can wajen Gwaram, gona ta cika da ciyawa, albasa ta bushe a fadama. In ya kai wa wata, sai ya yi ta zarya yana leƙa cikinta, har matan gidan su fara ɓoye dariya in sun hango shi. Gidanmu ne kawai bai zo ba, ya san babu abin da zai tarar.

Marke ya mutu da wata damina. Maimakon a ja shi bayan gari kamar kowace dabba, Yaya ya haƙa rami a gindin marken nan ya rufe shi, mutane suka yi ta surutu. Kuma bai daina yawon ba. Duk inda ya ji goɗiya ta haihu sai ya je ya duba ƙafar baya ta hagu.

Bayan an gama basasar Kano, hankali ya ɗan kwanta, aka shirya sukuwa a Gwaram. Na je da ƙwaryar furata. Can na hango Yaya a ƙasa ba doki, ya rame, rigarsa ta yi masa yawa, yana kai da kawowa a bayan mutane. Ya zo ya tsaya kusa da ni, muka gaisa sama-sama. Sai ga Sada ya fito da sabon dokinsa da ake ta zance, baƙi, sunansa Gawayi. Ɗanbala maroƙi, wanda ya ci ragunan Yaya har ya yi tumbi, yana gaba yana ɗaga murya: "Gawayi ɗan Kili! Farin uba, baƙin ɗa, gado ba ya ɓata!" Doki ba ya shiga fili ba asali, shi ne Sada ya jingina shi da tsohon Kilinsa, kowa kuma ya haɗiye.

Ni na gane dokin tun daga nesa. Aka sake su. Gawayi ya bari duk suka wuce. Can sai ya sunkuyar da kai ƙasa.

Yaya ya damƙi hannuna har ƙwaryar ta kife. Bai ko kalli furar ba. Ya ce, "Kulu. Kulu!" Sai ya sake ni ya runtuma cikin fili, tsoho da shi, hularsa ta faɗi bai tsaya ba. Kafin in isa an gama, Gawayi ya ci, Yaya ya ratsa taron, ya durƙusa ya ɗaga ƙafar dokin ta hagu yana kallon farin, hawaye na zuba. Ya ce, "Jama'a, wannan ɗan Marke ne! Ɗanbala, gyara bakinka, ɗan Marke ne!"

Wani dattijo ya ce, "Badaru, ba kai ka rantse mana a rumfar masu sirdi ba?"

Ya waiwayo yana nemana, ya ce, "Ga Kulu nan, ta gani da idonta. Kulu, gaya musu!"

Na gaya musu. Duk haushin da nake ji, na tsaya a gaban maza na faɗi abin da na gani. Sai wani daga baya ya ce, "Mace mai daka me take gani ban da turmi?" Wurin ya ɗauki dariya. Ɗanbala ya juya ya ci gaba da kirarinsa, ɗan Kili, ɗan Kili.

Yaya ya je wajen malam ya faɗi abin da ya yi, aka gaya masa abin da zai yi na tuba, ya yi. Amma mutanen kasuwa rantsuwar farko suka riƙe. Sai ya ce to, a kira dokin ɗan kowa ma, shi jinin yake so kada ya yanke. Ya ba da fadamarsa sukutum aka ba shi wata goɗiya matashiya, ya jawo ta a ƙasa tun daga Kangire har ƙofar gidanmu. Ya tsaya ya kasa yin sallama. Buba ya fito, ya dube shi, ya buɗe bakin goɗiyar ya duba haƙora, ya shafa ƙirjinta, ya ce, "Ta yi, Yaya." Sannan ya ce da ni in raka shi Sara.

Sada ya karɓe mu da mutunci, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya sa aka kawo ruwa, aka shimfiɗa tabarma, Yaya ya tsuguna a gefenta. Amma da ya hangi abin da muka jawo, sai ya yi maza ya sa a kai ta bayan wata kuka, nesa da barga. Yaya ya faɗi abin da ya kawo shi. Sada ya girgiza kai ya ce, "Malam Badaru, dokin sukuwa fa ne."

Yaya ya ce, "Ba ya rage komai, wallahi ba ya ragewa! Marke ya yi, kwana kaɗan ya zo nan garin ya ci Kilinka. Kai ma kana wurin."

Sada ya ce, "Shi ya sa na san bai yi ba. Malam Badaru, mu duk a wurinka muka koyi riƙon doki. Shekara nawa Marke ya yi ba a shiga gabansa? Don ka tsare shi ne." Sannan ya ce, "Ba hana ka zan yi ba. Bari a ci ta bana. Baɗi a kawo goɗiya."

Da gatse ya faɗa, da na samu abin zagi na huce. Da zuciya ɗaya ya faɗa, har yana dafa kafaɗar Yaya.

Muka kamo hanyar Dingaya, shi a gaba da igiya, ni a baya. Da muka zo wata tsamiya sai ya tsaya, ya zauna dirshan a ƙasa, ya miƙe ƙafafu. Tun muna yara ban taɓa ganin ya zauna haka ba, sai na ji tsoro ya kama ni. Ya daɗe yana kallon goɗiyar tana tsinkar ciyawa, sannan ya ce, "Kulu, da irin muryar nan nake gaya wa Buba?"

Na ce, "Da ita, Yaya."

Ya bar goɗiyar a gidanmu, wai ta fi kusa da Sara. Kafin kaka ta kewayo muka binne shi. Sada ya aiko da goro da gaisuwar mutuwa, ɗan aiken ya ce, maigida ya ce bai manta alkawari ba, in an ci ta bana a kawo ta.